Sanda Kamasho da Jirgin Abuja

A unguwar Kpakungu, can bayan masu walda, akwai wani mutum ana ce masa Sanda Kamasho. Kakansa Bakatsine ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Shi kuwa Sanda rabin rayuwarsa a tashar mota ya yi ta, yana kiran fasinja yana buga bayan mota, har gwiwa ta gaza ya koma sayar da baƙin mai a bakin titi. Ƙafarsa ta bar tasha, amma bakinsa yana can. In ka ce za ka Bida zai lissafa maka ramukan hanya. In ka ce za ka Makka zai gaya maka gefen da ya kamata ka zauna. Shi kansa bai taɓa wuce Kaduna ba.

To, ƙanensa Ɗayyabu tela ya tashi aurar da ɗansa na fari, Anwar. Yarinyar sunanta Mubina, 'yar Suleja ce, 'yar wani dattijo Malam Ishaƙa, wanda ba ya maimaita magana. An taɓa ɗaga bikin saboda dangin ango ba su shirya ba, kuma a lokacin Malam Ishaƙa ya ce in aka sake saɓa masa, to a bar maganar auren gaba ɗaya. Ya sa ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya, a masallacin ƙofar gidansa.

A gidan su Sanda uba ba ya karɓar wa ɗansa aure da bakinsa. Wan uba ne ke zama gaban liman, ya miƙa goro da sadaki, ya ce ya karɓa. Ɗayyabu kuwa wa ɗaya gare shi a duniya, shi ne Sanda.

Ranar Alhamis da yamma aka taru a shagon Ɗayyabu ana tsara tafiya. An ɗauki bas ɗin Kolo, wani Banufe maƙwabcinsu, za a tashi da an idar da sallar asuba. Sanda ya bari kowa ya gama magana, sannan ya gyara zama.

"Ku tafi abinku," in ji shi. "Ni ta sama zan zo."

Ɗayyabu ya ajiye almakashi. "Yaya, wace saman?"

Sanda ya zaro wayarsa ya ɗaga ta yadda kowa zai gani. Ashe tuni ya sa mai shagon kwamfuta ya yankar masa tikitin jirgi.

"Daga filin jirgin Minna zuwa na Abuja, in aka miƙe, kilomita ɗari ne ko ma bai kai ba. Minti ashirin da biyar. Ku kuwa za ku kwashe awa uku kuna gaisawa da ramuka. Wakilin ango ba ya isa gidan surukai da ciwon baya."

Matarsa Sharifa tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, a Suleja fa auren yake. Jirgin zai tsallake Suleja ya kai ka can bayan Abuja, sannan ka nemi mota ka dawo baya."

"Zan yi wa direba magana ya ajiye ni a hanya."

"A sama?"

"Ke me kika sani a harkar direbobi? Duk direban duniya, in ka gaishe shi da kyau ka ce masa kai ɗan tasha ne, sai ya taka maka birki."

Kolo ya yi dariya har hularsa ta karkace. Kun san Banufe da Bakatsine, ba sa haɗuwa su rabu ba a tsokani juna ba.

"Bawana," in ji Kolo, "ba ni goron da sadakin in tafi da su. In jirgi ya yar da kai a Gurara, mu dai mu ɗaura aurenmu."

"In ba Banufe goron aure? Kafin Lambata ka cinye rabi. Goro yana hannun wakili, wakili kuwa ni ne."

Anwar ya karɓi wayar ya duba a hankali. "Baba, sun rubuta jirgin zai tashi ƙarfe tara. Sun ce a isa da wuri sosai, saboda akwai bincike kafin a shiga."

Sanda ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da bai san duniya ba.

"Wannan taran ta kamasho ce, ɗana. Mu ma tun hantsi muke cewa yanzu za a tashi, saura mutum ɗaya, har azahar ta yi. Abin hawa ba ya tashi sai ya cika. Wa zai ƙona mai da kujera a buɗe? Ni ne cikon ƙarshe, ina shiga a rufe ƙofa."

Ɗayyabu ya buɗe baki, ya tuna wansa ne, ya rufe.

Ranar Asabar bas ta tashi da asuba da ango da ubansa da Sharifa da sauran dangi. Sanda ya raka su bakin titi, ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ce su gaida ramuka.

Da gari ya waye ya kira Ndakotsu mai keke napep. Ya miƙa masa jakar da ke ɗauke da huhun goro da alewa da dabino, ya cire tsohuwar hularsa ya ɗora a kai.

"Ka kai filin jirgi a Maikunkele. Ka shiga jirgin Abuja, ka ɗora wannan a kujerar gaba kusa da direba, gefen taga. Duk wanda ya zo zai zauna ka ce da mutum."

Ndakotsu ya tafi. Sanda ya sa sadaki a aljihun ciki, ya nufi wurin wanzami. Bayan aski ya sha koko da ƙosai a tsanake, ya yi wanka, ya saka sabuwar babbar riga fara mai aiki har ciki. Sai kuma ya ga bai dace mutum ya hau sama bai yi sallama da jama'a ba. Ya je Limawa wurin goggonsu, tsohuwa ta riƙe hannunsa ta yi addu'a mai tsawo, ta haɗa da matattu. Ya biya Fadikpe wurin wani abokinsa, aka ce yana banɗaki, ya zauna ya jira shi.

Yana nan zaune Ndakotsu ya bugo waya.

"Oga Sanda, mutanen nan ya ce ba a shiga jirgi sai mai takarda. Na ajiye jaka a kujera na babban ɗaki, hula yana kai. Ni zan tafi, fasinja yana jirana."

"Jirgin ya cika?"

"Ban ga ciki ba."

"Ka ji ana rigima?"

"Babu rigima."

"To bai cika ba. In ya cika za ka ji ana rigima."

Da ya koma Kpakungu ya tarar 'yan rakiya sun taru, don ba kullum ɗan unguwa ke hawa jirgi ba. Aka cika kekuna huɗu. Har da Baba Edward, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da Kafayatu mai kitso, wadda ta ce sai ta ɗauki komai a waya ta tura wa matan da suka tafi biki.

Sun wuce Bosso, sun doshi Maikunkele, sai suka ji wani ruri daga gabansu. Kowa ya leƙa. Ga jirgi fari ya taso daga bayan itatuwa, ya ɗaga hanci, yana hawa abinsa.

"Tsaya," in ji Sanda ga mai keke.

Ya dira tun keken bai gama tsayawa ba. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito irin na tasha. Jirgi bai waiwayo ba. Ya cire babbar riga ya shiga kaɗa ta sama yana gudu a gefen titi.

"Direba! Akwai mutum! Ni ne Sanda Kamasho, jakata tana gidan gaba!"

Idonsa yana sama, ƙafarsa tana ƙasa, ba su yi shawara da juna ba. Ya taka bakin wata kwata, ya tafi gaba ɗaya, shi da rigar. Kafayatu ba ta sauke waya ba.

Aka ciro shi aka kakkaɓe. Ya maida rigar, gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa.

"Ɗumama inji yake," in ji shi yana haki. "Zai zagayo ya kwashi sauran."

Suka tsaya a bakin titi kowa ya ɗaga kai. Jirgi ya zama kamar tsuntsu, ya zama kamar ƙuda, ya ɓace. Baba Edward ya shafa wuyansa ya ce shi dai a zamaninsu, in jirgin ƙasa ya yi wannan nisan ba ɗumi yake yi ba.

A filin jirgi suka sami wata ma'aikaciya a bayan kanta, an rubuta Vivian a ƙirjin rigarta. Ta duba tikitin, ta dubi rigar Sanda.

"Baba, jirginka ya tashi. Mun yi ta kiran sunanka."

"Ya cika ne?"

"Bai cika ba. Kujerarka ma babu kowa a kai."

Sanda ya juya ga 'yan rakiya ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Ya tashi bai cika ba. Wannan direban ba zai daɗe a sana'a ba." Ya komo ga Vivian. "Ba ni lambarsa."

"Lambar wa?"

"Direba mana. Bai yi nisa ba. Ya jira ni a Paiko."

"Baba, yanzu haka ya kusa sauka Abuja."

"To ki juye ni a na bayansa. Wa ke kan layi?"

"Na gaba sai jibi."

"Jibi an yi auren an share wuri. 'Yata, kira mini shugaban 'yan kamashonku, mu yi magana ta manya."

Shugaban da ya zo ba na kamasho ba ne. Jami'an tsaro ne su biyu, ɗaya yana riƙe da jakar Sanda nesa da jikinsa, ɗaya yana riƙe da hular. Ashe jakar da aka yasar ba mai ita ta sa sai da aka fitar da mutane daga ɗakin jira aka yi ta dube-dube.

"Kai ne mai jakar nan?"

"Ni ne. Wuri na kama da ita."

"Zo ka buɗe ta da hannunka."

Aka kai shi wani tebur. Ya kwance huhu, ya buɗe ganye, aka baje goro jajaye da farare, ga alewa ga dabino. Jami'an suka duba suka ga ba komai sai kayan ɗaurin aure. Amma kun san goron aure, in dai an baje shi a gaban jama'a ba a hana hannu. Baba Edward ne ya fara matsowa, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya ɗauki biyu. Masu keke suka ce amin, suka ɗiba. Wani fasinja da ba a san daga inda ya fito ba ya ce Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, ya cika aljihu.

"Ba a ɗaura ba tukuna," in ji Sanda yana tare tebur da hannuwa. "Jama'a, ba a ɗaura ba."

"Za a ɗaura da yardar Allah," in ji Kafayatu, ta kwashi alewa.

Kafin ya ƙulle huhun, rabi ya tafi. A daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Ɗayyabu ne.

"Yaya, mun iso tun ɗazu, mutane sun fara taruwa. Kana ina?"

Da Sanda ya faɗi gaskiya a nan, da an sayi goro a kasuwar Suleja, an nemi wani dattijo ya zauna a madadinsa, an ba Malam Ishaƙa haƙuri tun da sauran lokaci. Amma ya dubi 'yan rakiya, ya dubi sama, ya fita waje ya tsuguna kusa da wani keke da ba a kashe injinsa ba, ya kara wayar.

"Ka ji ƙara? Mun tashi. Ku ba ni minti ashirin da biyar."

A Suleja Ɗayyabu ya je ya durƙusa ya gaya wa Malam Ishaƙa wakili yana sama. Dattijon ya gyaɗa kai, ya roƙi liman a ɗan jinkirta.

A cikin gida kuwa, wajen mata, wayar Sharifa ta yi ƙara. Saƙon Kafayatu ne. Ta buɗe, ta ga mijinta yana bin jirgi da babbar riga, ta ga ƙafafunsa a sama. Ta rufe baki da mayafi, amma ta kusa da ita ta riga ta gani. Waya ta bi hannu hannu, daga dangin ango zuwa dangin amarya, daga masu tuƙa tuwo zuwa masu wanke-wanke, har ta fito zaure ta isa hannun Malam Ishaƙa. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe. Ya ce a maido masa farko, ya sake kalla. Bai yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Ɗayyabu da hankali.

"Kira shi," in ji dattijon. "Ka buɗe muryar kowa ya ji."

Shi kuwa Sanda a lokacin ya sallami 'yan rakiya, ya ruga tashar motocin Suleja. Wani ɗan kamasho ya tare shi da gudu ya karɓi jakar.

"Suleja ne, Baba? Shiga, saura mutum ɗaya."

Ya leƙa ya ga mota cike, ya yi hamdala ya matsa ya zauna. Can na gefensa ya ce bari ya kama ruwa, ya fita. Na bayansa ya ce bari ya sayo ruwan sha, ya fita. Wata mata ta ce ta manta ɗanta. Kafin a jima mota ta koma daga Sanda sai wani ƙato a gidan gaba ya rufe fuska da hula. Sanda ya leƙa ya ɗaga hular, sai ya ga tsohon yaronsa ne na tasha.

"Na'Allah? Ni za ku yi wa zaman cika mota?"

"Oga, sannu da zuwa. Ai kai ka koya mana. Ka ce ko ubanmu ne ya zo kada mu ɗaga masa ƙafa."

Waya ta yi ƙara. Sanda ya ɗauka ya toshe ɗaya kunnen.

"Yaya, minti ashirin da biyar ɗin ta wuce tun tuni."

"Muna tafe. Iska ce ta yi mana gaba da gaba."

A daidai tagar motar ɗan kamasho ya buɗe maƙogwaro: "Paiko, Lambata, Suleja, Abuja, saura mutum ɗaya."

"Yaya, wa ke kiran Lambata?"

"Yaron jirgi ne. Yana sanar da garuruwan da muke wucewa."

A zauren Malam Ishaƙa wani ya tura fuska cikin hula, kafaɗunsa suna rawa.

Sanda ya fizge jakarsa ya fita bakin titi. Motocin da ke wucewa duk a cike suke da 'yan biki, Asabar ce. Daga ƙarshe wata tsohuwar akori-kura mai lodin doya ta tsaya. Direban, wani saurayi mai suna Gideon, ya ce gaba ta cika, sai dai baya. Sanda ya tattare babbar riga ya haye, ya sami wuri tsakanin doya da wata akuya da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Motar ba ta sauri ko a gangare. A Paiko aka tsaya ƙara lodi. Bayan Lambata taya ta yi faci, aka sauke rabin doyar kafin jak ya iya ɗaga motar, kuma Sanda da farar rigarsa ya taya saukewa ya taya lodawa. Duk tsawon aikin bakinsa bai huta ba, yana gaya wa Gideon irin auren da ake jiransa a masallacin Malam Ishaƙa, da yadda ba za a iya komai ba sai ya iso.

Sun koma hanya ke nan waya ta sake ƙara. Wannan karon murya ce mai sanyi.

"Malam Sanda, Ishaƙa ne. Yaya hanya?"

"Ranka ya daɗe, lafiya lau, sai dai cunkoso. Jirage sun yi layi a saman Abuja, an hana mu sauka, muna ta zagaye."

Akuya ta kai bakinta daidai wayar ta yi kuka.

"Kamar akuya nake ji."

"Ta wani babban mutum ce. A gidan gaba take."

"To Allah ya sauke ku lafiya," in ji Malam Ishaƙa, ya kashe.

Aka yi azahar. Shinkafa ta huce, wasu baƙi suka fara zamewa. Anwar yana zaune a inda aka ajiye shi tun safe, sabuwar shaddarsa ta jiƙe da gumi, ko ruwa ya kasa sha. Ɗayyabu ya sake zuwa ya durƙusa.

"Malam, a yi mana afuwa. Ko mu sayo goro a nan, a nemi wani ya..."

"Na gaya muku abin da zai faru in aka sake saɓa mini."

"Ka faɗa, Malam."

"To ku bari ya iso. Ina so in ga saukarsa."

Babu wanda ya san ko zai ba da 'yar ko ya fasa. Daga cikin gida aka aiko cewa amarya ta daina cin abinci.

Ana gab da la'asar akori-kura ta shiga Suleja. Sanda ya ce a sauke shi tun kafin layin, kada a gan shi. Ya dira da sauri, ya kakkaɓe abin da zai kakkaɓu, ya juya gefen rigar mai datti ya saɓa shi a kafaɗa, ya taho ƙofar masallaci da taƙama yana sosa kunne da ɗan yatsa.

"Salamu alaikum. Ku ɗan ɗaga murya in za ku yi mini magana, kunnena bai buɗe ba tukuna. Haka jirgi yake yi wa mutum."

Aka amsa sallama. Malam Ishaƙa ya nuna masa tabarma a gabansa.

"Sannu da sauka. Ba mu labarin sama, mu da ba mu je ba."

Ɗayyabu yana ta yi masa alama da ido. Sanda ya ɗauka cewa yake ya saki jiki.

"Ai ranka ya daɗe, abin sai wanda ya gani. Gajimare kamar an baje auduga, har na so in miƙa hannu. Dutsen Zuma kuwa, wannan da kuke ganin girmansa, daga can kamar dutsen murhu. Na hango motar Kolo ma a ƙasa, tana rarrafe kamar ƙwaro ya sha kashi."

"Mu ma mun hango ka, bawana," in ji Kolo. "Kana ɗago mana riga."

Dariyar da aka danne tun hantsi ta fashe. Har liman sai da ya sunkuyar da kai. Malam Ishaƙa ya miƙa wa Sanda waya. Sanda ya kalli wani mutum mai farar riga yana gudu a gefen titi, ya kalle shi ya ɓace cikin kwata.

"Masu kama da ni suna da yawa a Minna," in ji shi.

Daga cikin wayar murya ta fito tar: "Ni ne Sanda Kamasho."

Sai ga ƙarar tsohon inji a bakin layi, ana ta danna oda. Gideon ya sauko da jaka a hannu, ya tsaya daga nesa ya cire hularsa don girmama wurin.

"Ina Baba da na ɗauko daga Minna? Ya manta jakarsa a cikin doya. Baba, ka yi haƙuri, akuya ya ci ganyen goron da dabino, amma goro yana nan saura."

Wannan karon har daga cikin gida aka jiyo mata.

Malam Ishaƙa ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Ya dubi Anwar ya daɗe yana dubansa.

"Yaron nan tun safe yake zaune a inda aka ce ya zauna. Bai yi mini ƙarya ba, ubansa ma abin da aka gaya masa ya gaya mini. Zan ba shi Mubina."

Anwar ya sauke numfashi, ya kifa fuska a tafin hannu.

"Amma aure da magana ake ƙulla shi," in ji dattijon. "Ni in ce na bayar, wani ya ce ya karɓa, jama'a su shaida. Mutumin da ya gaya mini yana saman Abuja alhali yana cikin doya, in ya ce mini ya karɓa, ban san ko ya karɓa ba. Anwar, zaɓi wanda zai zauna maka."

"Ranka ya daɗe," in ji Sanda, "ni ne wan uba. A gidanmu..."

"Nan gidana ne."

Anwar ya dubi ubansa. Ɗayyabu ya dubi tabarma. Yaron ya ɗago a hankali ya ce, "Baba Kolo."

Kolo ya miƙe ya gyara hula, ya zo gaban Sanda ya shimfiɗa hannu. Wannan karon bai tsokane shi ba, ya dai tsaya yana jira. Sanda ya laluba aljihun ciki, ya ciro ƙunshin sadaki, ya ɗora masa a tafi.

Aka yi la'asar, aka ce a matso a ɗaura. Masallacin ƙarami ne, kuma labarin wakilin da ya zo ta sama ya riga ya zaga unguwa, har waɗanda ba a gayyata ba sun zo kallo. Aka yi ta shiga ana turawa, kowa yana cewa Baba ɗan matsa, Baba ɗan gyara, har Sanda ya tsinci kansa a kan dakalin ƙofa, rabin jikinsa a waje. Daga ciki yana jin Malam Ishaƙa yana cewa ya bayar, yana jin Kolo yana amsawa da Hausarsa ta Nufawa cewa ya karɓa wa ɗansu Anwar.

Wani baƙo ya iso a makare yana sauri. Ya tuɓe sababbin takalmansa, ya duba tarin da ke bakin ƙofa, ya dubi mutumin da ke zaune a wurin da riga duk ƙasa.

"Baba, kai ne mai tsaron takalma? Ga nawa nan, a sa musu ido."

Sanda ya buɗe baki zai gaya masa ko shi wane ne. Liman ya ce a yi fatiha, kowa ya ɗaga hannu, baƙon ya kutsa ciki. Sanda ya jawo takalman kusa da ƙafarsa, ya ɗaga nasa hannuwan, ya shafa tare da jama'a.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa juye muku shi duka.